Me yasa janareta ke gurnani in bes ya buga? Amsa ga mai hayar kayan sauti

Assalamu alaikum. Wani ƙanenmu da ke bada hayar kayan sauti anan Tudun Wadan Zariya ya aiko min da tambaya, naga kuma ba shi kaɗai ke fama da abun ba, shi yasa zan amsa a fili kowa ya amfana. Yace yana da amfilifaya guda biyu irin masu nauyin nan masu taransifoma a ciki, ɗaya ta bes mai wat 1200 kowane ɓangare, ɗaya ta sifikun sama mai wat 700 kowane ɓangare, ga miksa ga makirfo mara waya ga laftof, ga fitilun halojin biyu masu wat 500 kowace, duk yana ɗora su kan janareta na fetur da aka rubuta 3.5kVA a jikinsa. In biki ya yi zafi aka ƙara sauti, da bes ya buga sai fitila ta dusashe, inji ya hau gurnani, wani sa'in amfilifayar bes ta ɗauke kanta sai an kashe an sake kunnawa, tuwita kuma, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ta sha ƙone masa. Sai yace Oga in sayi babbar sitabilaiza ne, ko injin ne ya gaji?

Toh ƙanena, kuɗin sitabilaizar nan ka riƙe abunka tukuna. Injin naka ma mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, kaya ka ɗora masa da suka fi ƙarfinsa, kuma irin kayan da janareta ya fi tsana a duniya. Bari in maka bayani a tsanake don in ka gane yadda amfilifaya ke shan wuta sauran maganar duk zata zo maka da sauƙi.

Kwan fitila ko hita in ka kunna su wutar da suke ja ɗaya ce daga farko har ƙarshe, inji ya san nauyin da ke kansa ya daidaita ya ci gaba da tafiya. Amfilifaya ba haka take ba, ita fizga take yi. Lokacin da mai gabatarwa ke magana a hankali abun da take ja kaɗan ne, da kiɗa ya shigo ganga ta buga sai ta nemi ninkin ba ninkin cikin ƙiftawar ido, ta saki, ta sake fizga, haka har a tashi. Kamar ragon layya ne a turke, yawancin lokaci yana kwance yana tuƙa, amma igiya da turken da zaka nema masa sai wanda zai iya riƙe shi lokacin da ya zabura. Shi kuma janareta abu biyu ne ke ƙoƙarin bin wannan fizgar, akwai gwamna da ke buɗe wa kabireta mai in lodi ya ƙaru don inji ya tsaya kan juyi 3000 a minti, wanda shine ke bada 50Hz ɗin da kayanmu ke so, akwai kuma AVR da ke riƙe boltej a wajen 230. Dukansu biyun sai abu ya faru sannan suke gyarawa. Kafin gwamna ya buɗe mai bugun bes ɗin ya riga ya wuce, boltej ya faɗi fitila ta dusashe, sannan lokacin da inji ya ƙara ƙarfi lodin ya riga ya sauka sai boltej ya yi tsalle sama. Gurnanin da kake ji da lumshewar fitilar kenan.

Akwai abu na biyu da ba a gani da ido. Cikin amfilifaya mai taransifoma akwai manyan kafasita da ke tara wuta, su kuma ba sa jan wuta a duk tsawon zagayen igiyar lantarki, sai ta kai ƙololuwa suke zuƙa da ƙarfi na ɗan lokaci. A wutar nepa da ke da babbar taransifomar unguwa a bayanta wannan ba wani abu bane, amma ƙaramin koyil na janareta sai kan igiyar ya baje, koyil ya ɗau zafi fiye da yadda wat ɗin da ake sha ya nuna. Shi yasa zaka ga mutum ya yi lissafinsa daidai a takarda, wat kaza da wat kaza bai kai ƙarfin inji ba, amma inji na wahala. Don haka in ana maganar amfilifaya da kVA da amfiya ake lissafi, wat kaɗai zai yaudare ka.

Yanzu mu yi lissafin naka. Amfilifayoyinka biyu in ka haɗa, 2400 da 1400, wat 3800 kenan, in dai lambobin na RMS ne na gaskiya, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai, don in PMPO ka gani a kwali wannan lambar talla ce kawai ka manta da ita. Ba wai wat 3800 suke ja kullum ba. Masu ƙera amfilifaya suna auna shan wutarta ne a kashi ɗaya cikin takwas na cikakken ƙarfinta, shine kiɗa mai ƙarfi wanda jar fitilar kilif, mai nuna amfilifaya ta kai iyakarta, ke ɗan ƙiftawa jefi jefi, sai kuma kashi ɗaya cikin uku, shine in an danne ta sosai jar fitila na kamawa akai akai irin yadda yaran DJ ke yi in amarya ta shigo fili. Matsalar ita ce irin waɗannan masu taransifoma rabin wutar da suka sha ko fiye zafi take zama, shi yasa fankarsu bata hutawa. A abun da na saba gani in na sa mita, saiti irin naka a kiɗa na hankali zai ja tsakanin 2.5 zuwa 3kVA, in aka danne shi ya haura 4.5kVA. Ka ƙara halojin wat 1000 a kai, ka ƙara miksa da sauran tarkace.

Shi kuma injin da aka rubuta 3.5kVA da manyan baƙi a jikin tanki, ka duƙa ka duba ƙaramin farantin da ke jikin koyil, zaka ga lamba biyu, ɗaya an rubuta Max ɗaya Rated. Ta farkon na ɗan lokaci ce, ta biyun ita ce abun da zai iya riƙewa awa da awanni, kuma sau da yawa bata wuce wat 2800 zuwa 3000. Sannan wannan lambar an auna ta ne a daidai tsayin teku cikin iska mai sanyi. Zariya tana sama da mita 600 daga teku, injin fetur kuma yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 saboda iska na raguwa, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe abun tace iska. Ni dai in ina lissafi anan garin kashi 10 nake cirewa kai tsaye. Kaga abun da ya rage maka bai fi wat 2700 ba, halojin sun cinye 1000, amfilifaya biyu masu neman 3kVA suna kokawa kan ragowar. Wallahi injin nan ma ya yi ƙoƙari da bai ƙone koyil ba tuntuni.

Maganar tuwita kuma nan ne mutane da yawa basu haɗa ta da janareta, suna cewa an sayar musu da jabu. Amfilifaya mai taransifoma ƙarfinta na bin boltej ɗin da aka bata ne, kuma ba ɗaya bisa ɗaya ba, in boltej ya sauka daga 230 zuwa 190 kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya tafi. Sauti ya ragu, yaron da ke kan miksa ya ji kamar ba a ji a baya sai ya ƙara turawa, amfilifaya ta kai iyakarta ta fara yanke kan sauti, wannan yankakken sautin mai karcewa a kunne cike yake da ƙara mai tsini kuma tuwita ce ke karɓarta, siririn koyil ɗinta ya yi zafi ya ƙone. Ko ka sayi tuwita mafi tsada a kasuwar Sabon Gari in wutar bata gyaru ba haka zata sake tafiya.

To me yasa nace ka bar sitabilaiza? Irin mai rilai ɗin nan mai ƙas ƙas sai ta auna sannan ta canza mataki, irin da ake kira servo kuma ƙaramar mota ce a ciki ke juya burushi a hankali, duka biyun an yi su ne don wutar da ta sauka ta zauna a ƙasa na mintuna, irin lo karan na unguwa da yamma. Bugun bes ya fi su sauri nesa ba kusa ba. Abun da zai faru shine boltej ya faɗi, ta ɗaga, lodi ya sauka, boltej ya dawo ya tarar ta riga ta ɗaga, sai kayanka su sha wuta fiye da ƙima na ɗan lokaci, ita da AVR na inji kowa na gyara abun da ɗayan ya ɓata. Kuma sitabilaiza bata ƙirƙirar wuta, duk boltej ɗin da ta ƙara maka da ƙarin amfiya take biyansa daga wajen injin da dama numfashinsa ya ƙare. Abun da ya fi ta amfani a wajenka shine na'urar nan mai yanke wuta in boltej ya haura ƙima, wadda ake kira AVS, don ranar da AVR ya lalace wuta na iya hawa sosai ta kwashe miksa da komai lokaci guda. Miksa da laftof da risibar makirfo kuma in da hali ka sa musu UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta, mai kyau irin onlayin wadda ke tace wutar koyaushe, amma ka gwada shi da injinka kafin ka biya, don ƙananan UPS na ofis da yawa basa karɓar wutar janareta, sai su yi ta komawa batir suna kuka har batir ya ƙare.

Girman injin da nake baka shawara, in zaka ci gaba da waɗannan amfilifayoyin, ka ɗau jimlar wat ɗinsu na gaskiya ka ninka sau ɗaya da rabi, 3800 ya zama 5700, ka ƙara fitilu, kaga kana neman inji mai 6.5 zuwa 7.5kVA na gaske, mai AVR. Ka tambaya da kyau, don akwai injina marasa burushi da kafasita ke riƙe musu boltej, suna da juriya a wajen fitila da injin niƙa amma da lodi mai fizga boltej ɗinsu yawo yake sosai. Ƙaramin Tiger ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai ma kar a kawo shi kusa da amfilifayar bes, iyakarsa ƙaramar sifikar talla. In Allah ya hore, janareta irin na inbata wutarsa ta fi kowanne tsafta, sai dai in kana kiɗa ka kashe maɓallin tattalin mai da ke jikinsa, don yana sauke gudun inji in lodi ya yi ƙasa, bes ya zo ya same shi bai shirya ba. Na dizal mai juyi 1500 kuma shine sarki a wannan aikin saboda nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsa na shanye fizgar, in taro babba ne irin gangami ko maulidi na fili gara ka yi hayarsa ka sa a cikin kuɗin aiki.

Akwai wata hanyar kuma, maimakon ƙara inji ka rage cin kayan. Sabbin amfilifaya marasa nauyi da ake kira Class D suna miƙa wa sifiku kashi 80 zuwa 90 na wutar da suka sha, saiti mai ƙarfin naka zai iya tafiya a inji mai 5kVA cikin kwanciyar hankali, musamman masu PFC a ciki da ke jan wuta sumul ba zuƙa ba. Sai dai in faɗa maka gaskiya, masu arhar cikinsu basu da haƙurin tsallen boltej irin na tsofaffin masu taransifoma, kuma in sun lalace ba kowane mai gyara ne ke iya musu ba, kayan gyaransu ma sai an aika Kano ko Legas wani lokaci. Ka auna aljihunka da mai gyaran da kake da shi.

Nasan zaka ce Oga duk wannan sai an tara kuɗi, ni kuma Asabar ina da aiki. To ga abun da zaka yi da injin da ke hannunka. Halojin biyun nan ka cire su ka sa fitilun LED masu wat 50, nan take ka samu wat 900 kyauta. A kan kurosoba ko firosesa, wato na'urar da ke raba sauti tsakanin sifikun bes da na sama, in kana da ita ka yanke duk abun da ke ƙasa da 40Hz, sifikun bes irin namu dama basa fitar da wannan sautin, wuta kawai yake sha yana girgiza kwali a banza. Ka sa limita mai hana sauti wuce iyaka, in babu ka tsaya kan yaronka kar jar fitila ta zauna a kunne. Kuma ka san wannan, rage sauti da 3dB kacal, wanda yawancin mutanen da ke fili ba zasu ma lura ba, yana rage ƙarfin da amfilifaya ke fitarwa da rabi. Kar ka jera sifiku da yawa a ɓangare ɗaya har om ɗinsu, wato ma'aunin turjiyar sifika, ya sauka zuwa 2, a wajen nan amfilifaya ta fi shan wuta ta fi zafi, ka tsaya a om 4. Sannan kar ka yarda masu biki su jona firizar lemo ko injin jan ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki a layinka, kwamfiresa in zata tashi tana jan ninki da yawa na abun da take ci, zaka ji ɗas a sifika kuma miksa mai kwamfuta a ciki na iya mutuwa ta sake tashi ana tsakiyar addu'a. Ka faɗa musu tun wajen ciniki cikin mutunci, injin sauti na sauti ne.

In ka samu babban injin daga baya, to a nan kam ka bar halojin ɗaya a kunne tun daga farko har ƙarshe. Lodi ne mai zama daram, yana hana inji yin wayam tsakanin bugu da bugu, boltej sai ya rage tsalle.

Waya. Wannan ita ce inda nake ganin an fi yin ganganci, mutum ya kai inji can bayan layi saboda ƙara, daidai ne, amma sai ya jawo wutar da siririyar waya irin ta fanka. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5mm in ta yi tsawon mita 50, zuwa da dawowa mita 100 kenan, in ana jan amfiya 13 kusan bolt 16 ke ɓacewa a hanya. Mai 2.5mm kamar bolt 10, mai 4mm kamar bolt 6. Wannan a lodi mai zama ne, lokacin fizga abun ya fi haka. Don saiti irin naka 4mm nake so, in tazarar bata kai mita 25 ba 2.5mm zata yi. Ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka saya, in kaga fari a ciki alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, wuta ta fi ɓacewa a cikinsa ya fi zafi ya fi saurin karyewa. In wayar a naɗe take a kan ganga ka warware ta duka ko da baka buƙatar tsawon, naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa har roba ta narke. Kuma amfilifaya biyu a kan ƙaramin ekstenshan mai arha, ko waya tsirara da aka cusa a soket aka tokare da tsinken ashana, wannan dan Allah a daina, fulogi mai fis 13A iyakarsa kamar wat 3000 ne, kowace amfilifaya a bata soket ɗinta mai kyau daga akwatin rabon wuta mai bireka.

Yadda ake kunnawa ma yana da tsari. Ka tada inji ba komai a kansa, ka barshi ya yi minti uku zuwa biyar ya ɗumama, ka sa mita ka gani. Ba lodi ya kamata kaga boltej tsakanin 220 da 240, in mitarka na auna Hz kaga 51 zuwa 53, don in lodi ya hau ya sauko wajen 50. In kaga 45 ko 46 wani ya rage gudun inji don tattalin mai, taransifomar amfilifaya zata yi ta kuka tana zafi ko ba a kiɗa. In kaga 57 ko 60 wani ya ɗaure gwamna don wuta ta ƙaru, shi ma gyara yake so. Daga nan ka kunna miksa da sauran ƙananan kaya, amfilifaya ita ce ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya da ɗan tazara tsakani, bolum a ƙasa, saboda taransifoma mai zobe lokacin kunnawa tana zuƙar wuta mai yawan gaske na ɗan lokaci, biyu a tare zasu iya faɗar da bireka ko su shaƙe inji. Wajen kashewa ka juya, amfilifaya farko, sannan miksa, ka zare lodi, sannan ka kashe inji. Kar ka taɓa bari mai ya ƙare kaya na kunne, lokacin da inji ke shure shuren mutuwa yana hawa yana sauka boltej da Hz duk hauka suke, a nan kaya da yawa ke tafiya. Ka cika tanki kafin a fara, in dole a ƙara mai a tsakiya ka nemi a ɗan dakata, a kashe komai bi da bi, inji ya huce sannan a zuba, fetur kan salansa mai zafi ga mata da yara a kusa ba abun wasa bane.

Wani abu da ya shafi masu sayen kayan gwanjo, amfilifayar da ta fito daga Amurka sau da yawa ta bolt 120 ce, ka duba bayanta kafin ka jona, wasu suna da maɓallin canzawa wasu babu sai da taransifomar rage wuta.

In aiki ya kai ka ɗakin taro irin na Samaru ko GRA inda suke da babban injin dizal mai layi uku, kar ka ga an ce 20kVA ka saki jiki, kowane layi kashi ɗaya cikin uku ne nasa, kamar amfiya 29, kuma baka san me suka riga suka ɗora a kai ba. Ka nemi mai kula da wutar wurin ya baka layin da babu na'urar sanyi a kai, ka auna da kanka tsakanin layi da nutural ka ga 230 kafin ka jona komai. In nutural ya kwance a irin wannan wutar boltej na iya hawa ya doshi 400 a layi ɗaya, kayan sauti gaba ɗaya zasu tafi cikin daƙiƙa.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wajena, wato atin, haɗa jikin kaya da ƙasa don kar wuta ta ja mutum. Duk wanda ya taɓa ganin malami ya kai makirfo baki wuta ta ja shi a leɓe ya san abun da nake nufi, ga mutane ba takalmi a masallaci ko kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a watan Agusta. Jikin janareta akwai ƙusa da aka yi wa alamar ƙasa, ka samu sandar atin mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya ka kafa kusa da inji ka haɗa da waya mai kauri, da rani ƙasar nan tamu bushewa take ƙamas sai ka zuba ruwa a gindin sandar. Wayarka ta zama mai uku ba mai biyu ba, atin ya tafi tun daga inji har jikin kowace amfilifaya. Ka sa bireka mai gane yoyon wuta, RCD na 30mA, a akwatin rabonka. Amma ka sani ƙananan janareta da yawa ba a haɗa nutural ɗinsu da jikinsu ba, in haka ne RCD ɗin bazai yi aikin da ake so ba, wannan haɗin kuma ka kira ƙwararren mai wayarin ya duba ya yi maka ya gwada, musamman in wani lokaci kana jona injin a wayarin gida ta canji oba mai sauya wuta tsakanin nepa da inji. In sifika na huuu kar ka cire ƙafar atin ta fulogi don ƙarar ta tafi kamar yadda wasu ke yi, ran mutum kake sawa a hatsari. Ka ɗau wutar duk kayan sauti daga wuri ɗaya, ka yi amfani da wayar sigina mai baki uku ta XLR, laftof ka bi da ita ta akwatin DI, ƙaramin akwatin da ake sawa tsakaninta da miksa, ka raba wayar sigina da wayar wuta kar su kwanta tare, yawancin ƙarar zata tafi.

Hayaƙi kuma, na san saboda tsoron ɓarayi da ruwan sama ana cusa inji a zaure ko ƙarƙashin bene ko lungun da mata ke zaune, iskar da ke kisa a cikin hayaƙin nan bata da wari bata da launi, mutum ciwon kai zai ji da jiri sai barci. A waje za a ajiye shi inda iska ke wucewa, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon inda ba mutane, a sa masa sarƙa da rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe in ana tsoron ruwa.

Masu kula da sifikar masallaci da islamiyya da ke karanta wannan, ku naku ya fi sauƙi, yawancin amfilifayar hon irin su Ahuja suna da wajen jona batir a baya, wasu bolt 12 wasu 24, ku duba abun da aka rubuta. Batir mai kyau da caja ko ƙaramin faifan sola zai riƙe kiran salla da karatu ba ƙarar inji ba huuu a sifika, janareta sai dai ya yi caji da fanka.

Kai kuma ƙanena kafin Asabar ka samu mita mai maƙalawa a waya, ka haɗa kayanka a gida yadda kake haɗawa a fili da tsawon wayar da ka saba, ka auna boltej a bakin inji da kuma a bayan amfilifaya lokacin da bes ke bugawa, ka auna amfiya. In a bakin inji yana tsaye wajen 220 amma a bayan amfilifaya ya sauka ƙasa da 205, waya zaka fara canzawa. In tun a bakin injin yake faɗuwa bayan ka cire halojin ka wanke abun tace iska ka canza fulogin inji, to inji ne ya yi maka kaɗan, ka yi hayar mai 7.5kVA na wannan aikin ka ji bambancin da kunnenka kafin ka sa kuɗinka ka saya. Ka turo min lambobin da ka samu da hoton farantin bayan amfilifayoyin in duba maka girman bireka da wayar da zata dace da akwatin rabon.